Abin da Akawu Ya Goge

A bakin wata kotu a cikin birnin Kano akwai jerin shagunan masu buga takardu, a cikinsu har da na wani dattijo da kowa ke kira Malam Akawu, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tun zamanin tafireta yake wurin. A wancan lokaci in ya buga takarda mai kwafi biyu, sai ya zare baƙar takardar kabon ya jefa cikin wani gwangwani, da la'asar sakaliya ya fita bayan shago ya ƙyasta mata ashana, ya tsaya sai ta zama toka. Maƙwabtansa na yi masa dariya, don su sai kabon ya ƙoƙe ya daina fitar da rubutu suke yar da shi. Shi kuwa ya san duk wanda ya ɗaga sabon kabon ya duba a hasken rana zai karance abin da aka buga tsaf.

Yana da dalilinsa. Ba kasafai daɗi ke kawo mutum bakin kotu neman a buga masa takarda ba. Takardar saki ce, ko ta rabon gado mai nuna wanda ya sami gida da wanda ya tashi da kangon fili, ko yarjejeniyar bashin da mai shi bai so iyalinsa su ji ba, ko takardar rantsuwa ta gyaran shekarun haihuwa, ko sakamakon gwajin jinin da ake yi kafin ɗaurin aure. Da zamani ya juya, bankuna suka fito da BVN a 2014, gwamnati ta matsa a kan NIN, sai aikin ya ƙaru da fotokofin katin shaida da takardun banki da na fansho. Akawu ya ajiye tafireta ya sayi kwamfutoci biyu na tebur da wata ƙatuwar na'urar fotokofi 'yar kwatano, mai ɗaukar hoton takarda ta buga ta kuma tura wa kwamfuta. Halinsa dai bai sauya ba. Matarsa ta sha faɗin cewa ta fi shekara talatin tare da shi, ba ta taɓa jin sunan mai takarda ko ɗaya daga bakinsa ba.

Da ido ya fara gajiya, 'ya'yansa suka taru suka roƙe shi ya huta. Ya yarda. Ranar da zai rufe shago bai bar wa yaron shagon aikin share kwamfutocin ba. Shi da kansa ya zauna, ya sa tabarau, ya bi folda ɗaya bayan ɗaya yana danna dilit. Ya buɗe kwandon shara ya zubar. Ɓangaren faifan da yake tara ayyukan mutane kuwa, ya yi masa fomat, na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata, cikin 'yan daƙiƙoƙi ta nuna masa wuri fayau. Ya yi hamdala, ya kira wani dillalin kayan ofis, aka yi ciniki, aka kwashe kaya a a-kori-kura.

Bayan kamar wata biyu aka yi bikin 'yarsa ta biyun ƙarshe. Auta ce ta ɗauki hotunan kamu da na yini da na kai amarya a wayarta, duk a kan memori. Washegarin buɗar kai tana ƙoƙarin rage kaya a wayar, ta danna inda bai kamata ba, memori ya koma kamar sabo. Kukan da ta yi ya fi na amarya. Wata ƙawarta ta ce akwai wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre da ke dawo da irin wannan. Akawu bai yarda da maganar ba, amma don kada a ce bai yi komai ba, ya ce ta ɗauko mayafinta su je.

Yaron bai wuce shekara ashirin da biyar ba, 'yan layinsu na kiransa Injiniya. Ya tashi ya ba dattijo kujerarsa, ya juya ga Auta.

"Tun da abin ya faru, kin ɗauki wani hoto ko kin sauke wani abu a kai?"

"A'a, cire shi na yi na ƙulle a gefen mayafi."

"To kin taimaki kanki."

Ya zura memorin a kwamfutarsa, ya buɗe wata manhaja mai suna PhotoRec, wadda kyauta ake samunta a intanet. Allon ya yi baƙi, lambobi na ta gudu. Kafin a kira la'asar hotuna sun fara zubowa: ga amarya cikin lalle, ga 'yan uwan ango, ga Akawu kansa da babbar riga yana karɓar gaisuwa. Auta ta yi tsalle. Sai kuma wasu hotuna suka biyo baya waɗanda ba na biki ba: na yawon salla na shekarar da ta wuce, da na wata ƙawa da suka ɓata, waɗanda Auta ta ce ita da hannunta ta goge su tuntuni.

Akawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Yaro, waɗannan ai ta ce ta goge su tun bara."

"Haka ne, Baba. Ba su tafi ko'ina ba."

"In ce ko don waya ce? Kwamfuta fa?"

"Kwamfuta ma ta fi sauƙi, in mai tsohon faifai ce."

Dattijo ya yi shiru har Auta ta lura. Daga nan ya ce a yi masa bayani dalla-dalla, kamar ana koya wa ɗan aji ɗaya. Da Injiniya ya ji sana'ar da ya yi, sai ya ɗauko masa misali daga inda ya sani. Ya ce ai Baba ya san ɗakin ajiyar fayil na kotu: ga kantoci cike da fayiloli, ga kuma rajista a kan teburin magatakarda, mai nuna lambar kowane fayil da kantar da yake. Faifan kwamfuta haka yake. In an danna dilit, magatakarda layi kawai yake ja a kan lambar a cikin rajista, ya rubuta cewa wannan gurbi babu kowa, duk mai sabon fayil na iya sawa. Ba ya tashi ya je kanta ya ɗauke tsohon. Yana nan sai ranar da aka kawo wani aka ɗora a daidai gurbinsa. Fomat mai sauri kuwa sabuwar rajista ce fara fat aka ajiye a kan tebur, kantoci na nan yadda suke. Ita wannan manhaja ba ta ko kallon rajista. Kanta-kanta take bi, in ta ga abin da farkonsa ya yi kama da hoto ko takarda sai ta jawo shi.

Ba mugunta ce ta sa masu ƙera kwamfuta suka yi haka ba. Jan layi ɗaya a rajista ƙiftawar ido ne, bin kowane gurbi a shafe shi kuwa yana cin lokaci daidai da na rubuta shi, ga shi kuma mutane sun fi yawan kukan abin da suka goge bisa kuskure a kan wanda suka so ya ɓace. Saboda irin su Auta aka tsara abin, irin su Akawu kuma aka bar su su nemi sani da kansu.

Kuma ba shi kaɗai ya taɓa faɗawa wannan rami ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka gano bayan sun sayi tsofaffin faifai 158 a kasuwannin gwanjo. Guda 129 na aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wani faifai da alamu suka nuna daga cikin na'urar ATM aka ciro shi. A 2006 BBC ta nuna yadda ake samun bayanan bankin mutanen Birtaniya a cikin tsofaffin faifan da ake sayarwa a Legas. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a Gana a kan dala 40, cikin binciken da suke yi a kan bolar kayan lantarki irin ta Agbogbloshie a Akara, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman. Injiniya ya ce shi ma kwamfutocin kwatano da yake buɗewa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yakan ga hotunan iyalin wani Bature da wasiƙunsa, ya share su kafin ya sayar. Mun saba jin wannan labari muna mamakin sakacin mutanen waje, alhali namu kayan ma hannu suke sauyawa kullum.

A hanyar komawa gida Auta na ta nuna masa hotuna a cikin adaidaita, shi kuwa lissafin abin da ke kan kantocinsa yake yi. Daren nan bai runtsa ba.

Da sassafe ya isa wurin dillali. Kwamfuta ɗaya na nan a lungu, ƙura ta rufe ta. Ya ce yana so a warware cinikin wannan.

"Haba Malam, ciniki ai ya faɗa tuntuni. Sai dai in saya za ka yi."

"To nawa?"

Dillali ya dubi fuskarsa, ya ga mutumin da ba zai taya ba, ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka abin da ya biya. Akawu ya ƙirga ya ba shi. Ta biyun kuwa an sayar wa wata makarantar kuɗi a bayan gari, tana ofishin shugabar makaranta ana buga jarrabawa da ita. Ya je har can, ya yi sallama, ya gaya wa Hajiyar gaskiyar magana ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Ta ce ita dai kada aikinta ya tsaya. Suka daidaita a kan zai sa mata sabon faifai da kuɗinsa, ya tafi da tsohon.

Injiniya ya fara jona faifan farko, ya saki manhajar a kansa don dattijo ya gani da idonsa. Ba a jima ba takardu suka fara fitowa, ba suna, sai lambobi. Ya buɗe ɗaya. Takardar saki ce, da sunan miji da na mata da na unguwa. Akawu ya san su, ya san ma an mayar da auren, an sami ƙaruwa biyu bayan nan, kuma 'ya'yan ba su san an taɓa rabuwa ba.

"Rufe," in ji shi. "Kada ka sake buɗe ko ɗaya."

"Na rufe, Baba."

"Kai ma abin da ka gani..."

"Ban ga komai ba."

Maganin tsohon faifai mai juyawa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so: a bi kowane gurbi a rubuta wani abu a kansa, ko da sifili ne. Injiniya ya sa wata manhaja da ake kira DBAN a kan filash, ya tayar da kwamfutar daga filash ɗin maimakon Windows, don ita Windows ba za ta iya share ƙasan da take tsaye a kai ba. Ya ce da a ce ɓangaren ajiya ne kawai, ko fomat ɗin ma ya isa in an cire alamar da ke gaban mai sauri, domin tun daga Windows Vista cikakken fomat yana bin wuri duka ya rubuta sifili. Ƙaramin akwati ɗaya da dattijo bai lura da shi ba a ranar, shi ne tsakaninsa da duk wannan wahala.

Manhajar ta kawo zaɓi: sau ɗaya, sau uku, sau bakwai, ko sau 35. Akawu ya ce a sa na 35 ɗin, ko kwana nawa zai ci.

Injiniya ya yi murmushi ya ce ba ya buƙata. Wannan lissafi na wani masani ne na jami'ar Auckland ta New Zealand, Peter Gutmann, wanda ya fitar da shi a 1996 saboda ire-iren faifan wancan zamani, da rubutunsu ke da faɗi har ana tsammanin na'urar bincike mai ƙarfi na iya hango inuwar tsohon rubutu a ƙarƙashin sabo. Shi kansa daga baya ya koka cewa mutane sun mayar da adadin kamar wani surkulle, alhali faifan zamani ba sa buƙatarsa. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta faɗa a jagorarta ta 2006 cewa ga faifan da aka ƙera bayan 2001, shafe shi sau ɗaya ya wadatar. Abin da ya fi yawan maimaici muhimmanci shi ne a tabbata an bi faifan tun daga farko har ƙarshe, sannan a gwada.

Aka sa sau ɗaya. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, aka sake daga farko a kan janareta, Akawu ya sayi mai. Bayan sallar isha'i aka gama. Injiniya ya sake sakin PhotoRec a kan faifan, ta yi ta lalube, ta dawo hannu rabbana. Sai a lokacin dattijo ya karɓi ruwan da aka ajiye masa tun azahar.

Faifan makaranta ya zo da gardama. Yana wani ƙas-ƙas, aikin ya yi nisa sai ya tsaya. Injiniya ya ce wannan ya fara lalacewa, kuma faifai in ya ga wani gurbi ya raunana yakan killace shi ya koma amfani da wani, abin da ke cikin killataccen kuwa manhaja ba ta isa gare shi. Irin wannan ba a lallashinsa. Washegari suka kwance shi, suka fito da fayafayan nan masu ƙyalli kamar madubi, suka kai wa wani mai walda. Ya kafa su a bakin maƙata ya huda kowanne wuri huɗu, ya bi da guduma har suka nannaɗe. Injiniya ya ja Auta baya, ya ce wasu fayafayan, musamman na ƙananan kwamfutoci, gilashi ne, tarwatsewa suke yi. Mai walda ya tambayi laifin da ƙarfen ya yi, ba wanda ya ba shi amsa.

Auta, wadda zuwa yanzu ta fara tunanin wayoyin da ta taɓa sayarwa, ta tambayi yadda za ta yi da kwamfutarta ta cinya in ta tashi canzawa. Injiniya ya ce tata daban ce, SSD ke ciki, ba abin da ke juyawa. Magatakardan wannan ɗaki ba ya mayar da fayil gurbin da ya ɗauko shi, kullum sabon gurbi yake nema don kada kanta ɗaya ta riga sauran cinyewa, yana kuma da wasu kantoci a ɓoye da ba ya nuna wa kowa. Saboda haka in ka ce a rubuta sifili a kan fayil kaza, sai ya rubuta a wani wuri dabam ya ce maka an gama. Gaskiya ne yawancinsu kan share abin da aka goge da kansu bayan ɗan lokaci, shi ya sa dawo da fayil daga SSD ke da wuya, amma wuya dabam, tabbas dabam. A 2011 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun gwada shafe fayil ɗaya-ɗaya a kan irin waɗannan, suka ciro ƙwayoyin ajiyar suka duba, suka tarar da kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na abin da ke cikin fayilolin yana nan. Har akwai wanda aka ba umarnin share kansa gaba ɗaya, ya ce ya yi, alhali bai taɓa komai ba.

Hanyar da ta fi, in ji shi, ita ce tun ranar da ka sayi na'ura ka kunna kullen da ke rikita duk abin da ake rubutawa, irin BitLocker na Windows, yadda ba mai iya karantawa sai da mabuɗi. Ranar rabuwa sai a hallaka mabuɗin, a kuma bi da umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera faifan. Abin da ya rage a kantoci ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. Haka iPhone ke yi in an ce ta share komai, haka ma wayoyin Android da suka fito da Android 10 zuwa sama. Tsofaffin ne abin tsoro: a 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin Android 20 na hannu, waɗanda masu su suka mayar yadda suka fito daga kamfani, ya dawo da hotuna sama da 40,000. Memori kuwa a cire shi a riƙe, kada a haɗa da waya a sayar.

Suna shirin sallama, Akawu ya zaro kuɗi, Injiniya na ta rantsuwa ba zai karɓa ba, sai yaron ya tambaya kamar da wasa:

"Baba, da wace na'ura kuke sikanin takardun nan?"

"Da ta fotokofi mana. Babba ce, mai aljihu huɗu."

Yaron ya daina murmushi.

Manyan na'urorin fotokofi na ofis da yawa suna da faifan ajiya a cikinsu, irin na kwamfuta sak. Kafin su buga takarda sai sun ɗauki hotonta sun ajiye, kuma in ba a kunna tsarin da ke shafe hoton bayan kowane aiki ba, yana iya zama a wurin har wani ya hau kansa. A 2010 gidan talabijin na CBS ya sayi tsofaffi huɗu a wani sito a jihar New Jersey. A cikinsu aka sami takardun 'yan sandan birnin Buffalo, da bayanan marasa lafiya na wani kamfanin inshorar lafiya, Affinity Health Plan, wanda a 2013 ya biya gwamnati sama da dala miliyan 1.2 a kan wannan sakaci. Akawu ya yi shekaru yana zuba wa tasa hoda yana share mata gilashi, bai taɓa kawo wa ransa tana da ƙwaƙwalwa ba.

Da ya koma neman na'urar, dillali ya ce ai ita ce ta fara tafiya, tun a makon farko. Wani ɗan kasuwa ne ya saya, ya haɗa da wasu kaya ya yi Maraɗi. Lambar wayar da ya bayar ba ta shiga. Akawu ya bi mota ta Katsina da Jibiya ya tsallaka, ya kwana biyu yana zaga shagunan fotokofi na Maraɗi, wani ya ce ya ga irinta an wuce da ita Damagaram, wani ya ce irin waɗannan in sun tsufa ɓaɓɓalla su ake yi a sayar da kayan gyara. Ya dawo da ƙura da tari.

Da ya huta, ya ɗauko littafin rasit na shekararsa ta ƙarshe a shago, ya fara fitar da sunayen waɗanda ya yi wa fotokofin takardun banki da katin shaida. Matarsa ta tsaya a kansa.

"Malam, me za ka yi da waɗannan?"

"Zan bi su in gaya musu."

"Ka tona wa kanka asiri a kan abin da wataƙila ba zai taɓa faruwa ba? Wanda ya sayi na'urar nan fotokofi zai yi ya ci abinci. Wa ya gaya masa akwai wani abu a ciki?"

"Ni ma wa ya gaya mini? Ga shi na sani."

Maganarta ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, don mafi yawan tsofaffin faifai haka suke ƙarewa ba wanda ya leƙa su. Amma takardun ba na Akawu ba ne balle ya yi caca da su. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a watan Yunin 2023 ma abin da ta ce ke nan: wanda bayanan mutane suka kuɓuce daga hannunsa ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72, in kuma haɗarin babba ne ya sanar da masu bayanan. Shi bai san da dokar ba, Injiniya ne ya gaya masa daga baya.

Ya fara bi gida-gida. Abin da yake faɗa ɗaya ne: kwafin takardunka na iya kasancewa a hannun da ban sani ba, duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, ko ya karanto maka BVN ɗinka da ranar haihuwarka, kada ka ba shi lambar katinka ko lambar da aka turo maka ta waya. Wasu suka yi godiya har da rakiya. Wani Alhaji ya ce ashe dama ajiye takardun mutane yake yi, ya juya ya shige gida. Wasu ba su ma gane abin da yake nufi ba, suka ɗauka taimako ya zo nema.

Akwai sunan da ya tsaya a kai ya kasa gaba. Wata baiwar Allah ce da ta kawo takardar asibiti a yi mata kwafi, ta roƙe shi ya juya fuskar takardar ƙasa. Tana gidan miji yanzu. Ba zai yi sallama da mijin ya ce yana son magana da ita ba, sai an tambayi dalili. Ba zai aiki Auta ko matarsa ba, don aiken kansa tonon asiri ne. Kuma ko ya gaya mata, ba lambar sirri ba ce da za ta je banki ta canza. Abin da zai kai mata tashin hankali ne kawai. Ya tsallake ta, bai kuma gaya wa kowa ya tsallake wani ba.

A mako na uku ya isa gidan wani tsohon malamin firamare, ɗan fansho, wanda ya yi wa kwafin takardun tantancewa. Ya tarar da shi a zaure. Bai gama bayani ba mutumin ya ɗaga hannu.

"Ka makara, Malam. Sun kira ni kwana goma da suka wuce. Sun san sunana uku, sun san BVN, sun san har makarantar da na yi ritaya. Suka ce za a rufe asusuna in ban karanto lambar da aka turo ba. Fanshon wata biyu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Daga wurinka ne?"

Akawu ya daɗe kafin ya amsa. "Wallahi ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba."

"Ni ma haka. Takardun nan sun bi hannu ya fi goma. Ofis sun karɓa, banki sun karɓa, yaron da ya cike mini fom ya ɗauka a wayarsa. A cikinsu duka kai kaɗai ka tako ƙofar gidana."

Akawu ya ce zai biya rabin kuɗin. Malamin ya ce ba zai ci kuɗin zato ba. Suka yi ta ja, har aka kira magariba, suka yi salla a masallacin ƙofar gida. Da suka fito, malamin ya ce in dai yana son ya yi wani abu, banki sun ce ya kawo takardar koke da ta rantsuwa daga kotu, shi kuma bai san yadda ake tsara su ba.

"Wannan kam aikina ne," in ji Akawu. "Ka zo da katin shaidarka da saƙonnin da suka turo. Gobe ƙarfe takwas mu haɗu a bakin kotu, don da rana ina da gidaje huɗu a Kurna."